GARI ƊAYA, SUNA BAKWAI: YADDA NA'URA KE ƁAD DA UNGUWAR LALLE

Unguwar Lalle gari ne a ƙasar Sabon Birnin Gobir, cikin Jihar Sakkwato, a yankin da ke kan iyaka da Jamhuriyar Nijar. Mazaɓa ce daga cikin mazaɓun Ƙaramar Hukumar Sabon Birni, kamar su Gatawa da Kurawa da Tsamaye da Lajinge da Makuwana. Mutanen garin ba su taɓa gardama a kan sunansa ba. In ka tambayi Bagobiri daga ina ya fito, zai ce maka daga "Unguwal Lalle", ka gane, shi ma ya san ka gane, magana ta ƙare.

Amma da sunan nan ya bar baki ya hau takarda, sai ya hayayyafa. Wannan malami ya rubuta Unguwar Lalle, wancan ya rubuta Unguwal Lalle yadda ya ji ana faɗi. Baƙon da ya zo daga kudu ya sa Unguwan Lalle ko Anguwar Lalle. Mai sauri ya sa Ungwar Lalle. Akawun da ya saba da taƙaitawa ya sa U/Lalle, wani kuma ya zuba shi duka da manyan baƙaƙe, UNGUWAR LALLE. Ga suna bakwai ke nan, gari kuwa ɗaya ne.

A zamanin da ake ajiye lissafi cikin manyan littattafan ofis, wannan bai dami kowa ba. Akawu mutum ne, yana da ido yana da hankali, kowanne ya gani ya san inda ake nufi. Yau kuwa aikin ya koma hannun kwamfuta, ita ko ba ta da wannan hankali. Abin da za mu bayyana wa masu karatu ke nan: dalilin da ya sa fayil ya kan ɓace alhali yana nan, da dalilin da ya sa adireshin intanet ya kan ƙi buɗewa alhali an rubuta shi daidai, da kuma abin da ya kamata masu tsara manhaja su yi.

Na'ura Lamba Take Gani

Abu na fari da ya kamata a sani shi ne, kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba kurum ta sani. Kowane harafi an yanka masa lambarsa. Tsarin da aka fara yarda da shi a Amurka cikin 1963, wanda ake kira ASCII, gurabe 128 ne kawai gare shi, an kuwa cika su da haruffan Turancin Ingilishi da alƙaluma da alamomin rubutu. Babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ. Sai a 1991 aka fito da babban tsarin da ake kira Unicode, wanda aka yi nufin ya ɗauki rubutun duniya duka, a nan ne haruffanmu masu ƙugiya suka sami mazauni.

To, ga yadda abin yake. Lambar k ita ce 107, ta ƙ kuwa 409. Lambar d 100, ta ɗ 599. Lambar b 98, ta ɓ 595. Mu muna ganin k da ƙ kamar wa da ƙane, amma a wurin na'ura ba abin da ya gama su, yadda ba abin da ya gama 107 da 409. Haka nan babban baƙi da ƙaraminsa lambobinsu dabam ne. Har filin da ake bari tsakanin kalma da kalma yana da tasa lamba, watau 32. In hannun akawu ya zame ya bar fili biyu tsakanin Unguwar da Lalle, ya haifi suna na takwas ke nan ba da saninsa ba.

Sabo da haka masu tsara manhaja su kan yi abin da ake kira daidaita rubutu. Watau kafin a ajiye suna, ko kafin a neme shi, sai a bi da shi ta wata ƙa'ida wadda za ta mai da dukan kamanninsa su zama guda. Wannan dabara ce mai kyau. Inda cutar take shi ne a yi ƙa'ida ɗaya wajen ajiyewa, a yi wata dabam wajen nema. Kamar a auna gero da tiya ne wajen zubawa a rumbu, a zo ɗiba a auna da wani kwano, sa'an nan a yi ta mamakin yadda lissafi ya ƙi fita.

Alƙalawa Ta Zama Alalawa

Bari mu ɗauki misali daga ƙasar Gobir ɗin. Alƙalawa ita ce babban birnin Gobir a zamanin Bawa Jan Gwarzo, ita ce kuma masu jihadi suka ci a 1808, a zamanin Yunfa. Kufanta na nan a ƙasar Sabon Birni. A ce wani ya rubuta tarihinta zai sa a intanet. Dole ne shafin ya sami adireshi, adireshin kuwa daga kan labarin a kan ƙago shi.

Ƙa'idar adireshin intanet, wadda aka sake tsarawa a 2005, haruffan ASCII kaɗai ta yarda da su. Duk harafin da ba ya cikinsu sai an juya shi. Ana fara mai da shi tsarin UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka ƙago a 1992, sa'an nan a rubuta shi da alamar kashi cikin ɗari. Ta haka ƙ ke zama %C6%99, ɗ ta zama %C9%97, ɓ ta zama %C9%93, fili kuma ya zama %20. Alƙalawa ta koma Al%C6%99alawa. Ba kyan gani, amma ba abin da ya ɓace, gama manhajar buɗe shafi ta san yadda za ta mai da shi. Sai dai in wani sashe na manhajar ya sake juya abin da aka riga aka juya, to, alamar % ɗin kanta za ta zama %25, adireshi ya lalace, mai nema ya ga lambar nan 404 mai cewa babu shafin.

Don gudun wannan, masu tsara manhaja da yawa su kan zaɓi su aske sunan tun da fari. Hanyar da ta fi yaɗuwa ita ce a warware kowane harafi a raba shi da alamar da ke kansa, sa'an nan a zubar da duk abin da ba ya cikin ASCII. Sanannen kayan aikin gina shafuka da ake kira Django haka yake yi in ba a ce masa kada ya yi ba, zaɓin barin haruffa yadda suke kuwa sai a 2015 aka ƙara masa. Ga Faransanci wannan hanya tana aiki sarai: é ta rabu gida biyu, a yar da alamar, e ta saura. Amma ƙ ba ta rabuwa. A cikin Unicode ƙugiyar nan jikin harafin ce, ba wata aba ce da aka ɗora masa ba. Tun da ba ta rabu ba, sai a zubar da harafin ɗungum. Alƙalawa ta zama Alalawa, Maraɗi ta zama Marai, ƙauye ya zama auye.

Ku duba ɓarnar da ke cikin wannan. Ƙaya da ɗaya duka biyu sun zama aya, ga kuma aya ta asali tana nan. Ɗari da ƙari da ɓari duka sun zama ari. In fayiloli biyu suka faɗa kan suna guda a wuri guda, manhajar da ba a yi wa tanadi ba sai ta ɗora na baya a kan na fari ta shafe shi, ba ko sallama. Wanda kuma ya ce shi zai gyara, ya mai da ƙ ta zama k, ya rage ɓarna amma bai kashe ta ba. Ƙasa da kasa sun haɗu, baƙi da baki sun haɗu, ƙura da kura sun haɗu.

Akwai wani abin mamaki a nan. Kafin a tsai da haruffa masu ƙugiya a shekarun 1930, lokacin da Rupert East ke shugabantar Hukumar Talifi a Zariya, marubutan boko na farko su kan nuna waɗannan sautuka da ɗigo a ƙarƙashin harafi, wasu kuma da waƙafi a gefensa. Harafi mai ɗigo a ƙasa, irin ḳ da ḍ da ḅ, yana rabuwa a Unicode. Da a ce shi muka riƙe, da askin nan ya bar mana k da d da b. Ƙugiyar da ta kyautata mana rubutu a kan takarda ita ce masu wannan aski ba su yi tunaninta ba, domin ba da harshenmu suka gwada aikinsu ba.

Waƙafin Sama Da Sanda Jirge

Cuta ta biyu ta fi wannan ɓoyuwa, don ido ba ya ganinta sosai. A ƙasar Sabon Birni akwai 'Yar Bulutu, a ƙasar Isa akwai 'Yan Fako. Ga kuma sunayen mutane irin su Sa'idu da Isma'ila da Asma'u. Ɗan waƙafin saman nan da ke cikinsu ba iri ɗaya ba ne a na'ura. Akwai miƙaƙƙe, wanda ke kan allon bugu, lambarsa 39. Akwai mai lanƙwasa na rufe zance, 8217. Akwai na buɗe zance, 8216, wanda manhajar rubutu kan saka da kanta in waƙafin ya zo a farkon kalma, don tana zaton zancen wani za a ɗauko. Akwai kuma wanda Unicode ta keɓe a matsayin harafi, 700. A Nijar kuwa ƙa'idar rubutunsu harafi guda ta ba wannan sauti, watau ƴ, mai lamba 436. Kalmar 'yan ke nan ta sami kamanni biyar, ga na shida na wanda ya yar da waƙafin ya rubuta yan. Ƙa'idodin daidaitawa na Unicode kuwa ba su haɗa waɗannan, kowanne suna barinsa yadda yake. Aikin mai tsara manhajar Hausa ne ya zaɓi guda ya tsaya a kai.

Sai sanda jirge, watau wannan alama /. Akawunan ƙasar nan sun daɗe suna taƙaita suna da ita: S/Birni, T/Mafara, K/Namoda, B/Kebbi. A kan takarda ba laifi. Amma a adireshin intanet, da kuma tsarin Linux da mafi yawan manyan na'urorin ajiya ke aiki da shi, sandan nan ita ce ke raba folda da abin da ke cikinta. In manhaja ta ɗauki U/Lalle ta yi sunan fayil da shi, na'ura za ta fahimci ana nufin wani fayil wai shi Lalle a cikin folda mai suna U. Foldar kuwa babu ita. Windows ma ba ta yarda a sa alamar cikin sunan fayil ko kaɗan.

Haka kuma batun babban baƙi. A wurin Windows, fayil mai suna Isa da mai suna isa abu guda ne. A wurin Linux abu biyu ne. Sabo da haka mai tsara manhaja ya kan gwada aikinsa a kwamfutarsa ya ga kome lafiya, ya ɗora a babbar na'ura, hotuna da takardu su ƙi fitowa.

Da An Ƙetare Iyaka

Gobirawa iyaka ta raba su, amma dangi ne. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 aka kafa Tsibiri, wadda yanzu ke cikin Nijar kusa da Maraɗi, daga can kuma Ɗan Halima ya rabu ya zo ya kafa Sabon Birni. Har yau ana auratayya ana cin kasuwa tare. Tun daga 2019 kuma, da ta'adin 'yan bindiga ya tsananta, dubban mutane daga wannan yanki suka ƙetara zuwa Jihar Maraɗi neman mafaka. Duk wanda ya ƙetara, sunansa ya kan shiga wani littafi da rubutun Faransanci. Tsibiri a can Tibiri ce, Gidan Rumji kuma Guidan Roumdji. Isa ya zama Issa, Usman ya zama Ousmane, A'ishatu ta zama Aïchatou.

Sunan nan na ƙarshe ya kawo mu ga cuta ta uku. Harafin ï ana iya ajiye shi ta hanya biyu. Ko dai a dunƙule, lamba guda, 239, ko a warware, watau i mai lamba 105 sa'an nan ɗigo biyun mai lamba 776. A ido ba su da bambanci ko na ƙwayar gero. Haka abin yake ga wasulan da masana ke ɗora wa alamar karin sauti a ƙamus na Hausa, irin à. Unicode ta tsai da ƙa'idodin wannan tun 1999: dunƙulallen shi ake kira NFC, warwararren kuma NFD. Tsarin ajiya na kwamfutocin Apple da aka fito da shi a 1998 ya kan warware sunan fayil da kansa kafin ya ajiye, alhali Windows da Linux suna ajiye abin da aka ba su. Sai a ɗauko fayil daga wannan na'ura a kai waccan, a buga sunansa daidai, a ce babu shi. Wannan ya wahalad da masu tsara manhaja a duniya shekara da shekaru, har manhajar Git da suke ajiye aikinsu da ita ta ƙara wani gyara musamman dominsa a 2012. Apple ta sake tsarin ajiyarta a 2017, amma tsofaffin fayiloli masu warwararren suna suna nan birjik.

Kada mai karatu ya ce wannan damuwar masana ce kawai. Mu ƙaddara wata ma'aikaciyar asibiti ta ɗauki hoton katin rigakafin yaro ta ajiye da sunan garinsu da na uwarsa. Bayan wata uku uwar ta dawo, katin hannunta ya ɓace a gudun hijira. Aka nema a na'ura da wani rubutu dabam, aka ce babu. Ko dai a sake yi wa yaron allurar da aka riga aka yi, ko a tsallake wadda ba a yi ba. Mu ƙaddara kuma ana lissafin gidajen da za a kai wa taimakon abinci. Gari ya rabu gida uku a cikin lissafi, kowane kashi ya zama ƙarami, mai rabo ya duba ya ga ba su kai a aika musu da mota ba. Ko kuwa mutum biyu su faɗa kan suna guda, a ba ɗaya a hana ɗaya. Wanda duk ya taɓa yin sintiri don sunan da ke kan lambarsa ta BVN, wadda aka soma a 2014, ya saɓa da na lambarsa ta ɗan ƙasa da harafi guda ko da fili guda, ya san zafin abin. Ɗanladi da Danladi da Dan Ladi mutum ɗaya ne a gidansu, a na'ura kuwa mutum uku.

Abin Da Ya Kamata A Yi

Maganin ba mai tsada ba ne, natsuwa kawai yake so.

Na ɗaya, a ajiye suna na gaskiya yadda masu shi ke rubuta shi, da ƙugiyarsa da waƙafinsa, cikin tsarin UTF-8. Shi za a nuna wa mutane a allo da takarda. Ba daidai ba ne a aske wa harshe haruffansa don a sauƙaƙa wa na'ura, alhali na'urar ta iya ɗaukarsu fiye da shekara talatin.

Na biyu, ƙofar daidaitawa ta zama guda. A rubuta ƙa'idar a wuri ɗaya cikin manhaja: a dunƙule haruffa bisa NFC, a mai da dukan waƙafan sama su zama iri guda, a share filin da ya yi yawa. Mai ajiyewa da mai nema da mai ƙago adireshi duka su bi ta wannan ƙofa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsagar kuwa a nan ita ce ƙa'ida biyu a gida ɗaya.

Na uku, a yi wa bincike nasa kwafi dabam. A cikinsa ne za a mai da ƙ ta zama k, ɗ ta zama d, ɓ ta zama b, a mai da manyan baƙaƙe ƙanana, don wanda wayarsa ba ta da ƙugiya shi ma ya sami abin da yake nema. Amma a rubuta wannan musanya da hannu, harafi harafi, manya da ƙanana, kada a dogara ga askin da aka yi don harsunan Turai. Kwafin nan kuma na nema ne kurum, kada a yi sunan fayil da shi.

Na huɗu, shi ne mafi girma: abin da zai bambanta gari da gari, ko mutum da mutum, ya zama lamba wadda ba ta sakewa. Suna ba ya isa, gama akwai wani Sabon Birni a Jihar Kaduna, Isa kuma sunan gari ne sunan mutum ne. Hukumar zaɓe ta ƙasa ta riga ta nuna hanya, don kowace rumfar zaɓe tana da lambarta mai nuna jiha da ƙaramar hukuma da mazaɓa. In fayil da adireshi suna ɗauke da irin wannan lamba, to, ko an rubuta sunan garin iri bakwai, a haɗa su duka a ƙarƙashinta, kowanne aka buga ya kai mutum gida.

Na biyar, a gwada kafin a saki. Mai tsara manhaja ya ajiye 'yan kalmomi na gwaji: Alƙalawa, Maraɗi, 'Yar Bulutu, S/Birni, Aïchatou, ƙaya da ɗaya. Ya ajiye kowace, ya neme ta, ya buɗe adireshinta a waya da kwamfuta. In duka suka dawo yadda suka shiga, aikinsa ya yi. In guda ta ɓace, gara ya gani a teburinsa da a gani a bakin asibiti.

Akawuna da malaman makaranta da ma'aikatan lafiya su ma suna da nasu rabo. Wayoyin zamani da kwamfutoci suna da allon bugu na Hausa mai ƙugiya, sai dai a kunna shi. A daina taƙaita sunan gari da sanda jirge a cikin na'ura. Kowane ofis kuma ya rubuta jerin sunayen garuruwan yankinsa bisa ƙa'ida guda, ya manna a bango, sabon ma'aikaci ya tarar.

Magabata sun sha wahala kafin rubutun boko ya zauna. An kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955, an yi taro a Bamako a 1966, an sake yin wani a Yamai a 1980, duk don Bahaushen Sakkwato da na Maraɗi su karanta rubutun juna ba tare da tuntuɓe ba. Abin da ya rage wa 'ya'yanmu masu ilmin kwamfuta shi ne su kai wannan aiki cikin na'ura, yadda mutumin Unguwar Lalle zai faɗi sunan garinsu sau ɗaya a buga a same shi. Allah ya ba su ikon yi, ya kuma zaunar da ƙasar Gobir lafiya, amin.